Garkuwar Da Auta Ya Jefa

Shafi na 23

Auta ya taimaki yayansa ba a roƙe shi ba. Abin da ya ɓaci ke nan, ba wani abu ba.

Wanda bai biyo mu tun farko ba, ga shi a gajarce. Yaya kafinta ne, shekara talatin yana yanka katako. Wata takwas da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Likitan gashi ya ce ya riƙa motsa yatsun, ko da wasan waya ne. Auta, ƙaninsa, bakanike ne mai shekara arba'in da huɗu, shi ya sa masa wasan ya kuma shigar da shi guruf ɗinsu.

Wasan mataki arba'in ne, na ƙarshen gada ce. Mutuminka yana gudu a kanta, kibau suna zubowa, kai kana tare su da babban yatsa da manuniya na dama. Idan kana kan gadar, 'yan guruf suna kallonka daga wayoyinsu, kuma kowannensu yana iya jefa maka garkuwa ta tare maka kibiya. Dokar guruf ɗaya ce tak. Ba a jefa wa mutum garkuwa sai ya danna alamar ɗaga hannu.

Yaya bai taɓa ɗaga hannu ba. Sau ɗari biyu da wani abu yana faɗawa ruwa. Jiya bayan la'asar ya haye.

To yau da safe Auta na kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota yana fama da noti, sai ya ji an shuri tafin ƙafarsa.

"Fito."

"Wa ke nan? Tela? Ƙafa kawai ka gani ka gane ni?"

"Duk layin nan wa ke da faso irin naka? Fito, magana ce."

Tela shi ne shugaban guruf. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, ka san daga kan keken ɗinki ya taso. Auta ya jawo jiki ya fito yana goge hannu da tsumma, bakinsa har kunne.

"Ka ga Yaya jiya ko? Ka ji ihun da ya yi a saƙon murya? Wallahi rabon da in ji dariyarsa..."

Tela bai yi dariya ba. Ya miƙa masa waya.

"Karanta min nan."

"Hannuna duk baƙin mai ne."

"Ba hannunka na ce ba, idonka. Wasan yana ajiye tarihin kowane hawa, ni ne shugaba, ina gani. Ga shi. Gada, an haye. Garkuwa huɗu, daga Sarkin Sifana. Mu nawa ne masu sifana a guruf ɗin?"

Auta ya ci gaba da goge hannun, duk da ya riga ya gogu.

"To sai me?"

"Ya ɗaga hannu?"

"Yayana ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ya ɗaga hannu?"

"Kai Tela, ka bar ni da dokarka. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da mutumin nan. Sai na cika takarda kafin in taimaki ɗan'uwana?"

"Kuma ka iya. Na kalla sau uku. Daidai lokacin da yake dannawa kake jefawa, don kada ya lura. Garkuwar ɗan hasken shuɗi kawai take yi a gefe, shi kuma ba ya sa tabarau. Wannan ba tausayi ne ya kwashe ka ba, zama ka yi ka shirya."

Auta ya jefar da tsumman.

"Eh, na shirya. Ran Lahadi na shiga ɗakinsa ban yi sallama da ƙarfi ba. Na same shi waya a cinya, yana dukan hannun dama da na hagu, yana cewa tashi mana, tashi mana. Hawaye har gemu. Kai ka taɓa ganin yayanka yana kuka? Mutumin da ya riƙe hannuna ya kai ni koyon aikin nan, ya tsaya har aka karɓe ni? In zauna ina kallonsa yana faɗawa ruwa kamar ɗan kaza, garkuwa cike da jakata?"

Tela ya latsa wayar, ya yi sama can wajen tsofaffin saƙonni, ya kunna ɗaya. Muryar Yaya ce ta lokacin da bakin bai gama dawowa ba, kalmomin suna jan ƙafa.

"Jama'a, ina roƙonku. Ko kun ga na mutu sau dubu, kada wanda ya jefa min komai. Na gode."

"Ka ji wannan ranar?"

"Na ji. Kunya ce irin ta manya. Yaya ko ruwa ba ya roƙa."

"Kai ka san dalilinsa?"

"Wane dalili kuma? Wasa ne fa, Tela. Wasan waya."

"In wasa ne, me ya sa ka ɓoye?"

Auta ya duƙa yana neman sifanar da ke hannunsa.

Tela ya ce, "Mu goma sha shida muke kallonsa wata da watanni. Kana zaton kai kaɗai ke da zuciya? Ni sau nawa yatsana yana kan garkuwar nan, in cije in janye. Mutum ya ce a bar shi, a bar shi. Ba ka san abin da ya ɗora a kai ba. In abin ya dame ka, baki gare ka, ka tambaye shi. Ya ce a'a, ka haƙura."

"Da na tambaya cewa zai yi a'a."

"Ka ga ke nan ka san amsar tun kafin ka jefa."

"Yanzu me kake so?"

"Ka faɗa masa da bakinka kafin yamma. In ba haka ba ni zan faɗa. Ba zan riƙa taya mutum murnar ƙarya ba."

"Ka faɗa mana. Ka je ka kashe masa farin cikin, tunda kai ne mai gaskiyar duniya."

Tela ya gyara tef ɗinsa ya juya. Har ya kai bakin gareji ya waigo.

"Taurin kanku iri ɗaya ne kai da shi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Kada ku ɗauka jikin Auta ya yi sanyi. Ko kaɗan. Ya koma ƙarƙashin mota yana tsaki, ya ɗaure notin har ya kusa ɓalle shi. Da rana ta yi ya hau babur ya nufi gidan Yaya, ba don ya faɗi komai ba. So yake ya ga mutumin yana dariya da idonsa, ya koma ya gaya wa Tela cewa ga abin da garkuwa huɗu suka saya.

Tun daga ƙofa ya ji matar Yaya tana 'yar waƙa. Ta share tsakar gida tas, ta fito da katifar da Yaya ya yi wata takwas a kanta ta jingine ta a rana. Sandarsa na kwance kan taga.

"A'a, ƙaramin miji! Ƙamshin tukunya ya kai gareji ke nan?"

"Matarmu, yau kuma waƙa ake? Ina babban?"

"Babban ya fita tun safe, ko shayinsa bai shanye ba."

"Ya fita ina? Asibiti?"

"Wane asibiti? Shago."

Auta ya tsaya da makullin babur a hannu.

"Wane shagon?"

"Shago nawa gare shi? Zauna mana, ka tsaya min a kai kamar mai kawo sammaci."

"Ba ke kika riƙe makullin ba?"

Ta yi dariya, ta taɓa wuyanta inda igiyar take zama.

"Wata takwas yana nan, ko wanka da shi nake yi. Kai ba ka san yaƙin da aka sha a ɗakin nan ba. Kullum sai ya ce in ba shi, kullum in ce hannun da ba ya riƙe cokali ba zai je gaban inji ba. Ran nan har kofi ya jefa bango. Da na gaji sai muka yi alkawari. Ya ce ranar da ya haye gadar nan ta wayarku, shi kaɗai, ba hannun kowa, in ba shi makullinsa. Na tambayi likita, ya yi dariya ya ce hannun da ya iya wannan saurin ya fara zama hannu, a dai bi a hankali. Na ce na yarda. Ni a raina na ce sai baɗi."

Auta ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a bakin rijiya.

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Shi ya hana. Ya ce ko kai kada ka ji. Ya ce Auta zuciyarsa a hannu take, in ya sani zai tausaya min ya ɓata min awo."

Ta ci gaba da magana tana juya tukunya. Yadda jiya ya ƙwala mata kira har ta zata faɗuwa ya yi. Yadda ya nuna mata wayar. Yadda da safe ta ciro kayan aikinsa daga ƙasan akwati, ta cire igiyar daga wuyanta ta rataya masa da kanta. Auta ba ya jin rabin abin da take faɗa.

"Anti."

Ta waigo. Ba ya ce mata Anti sai da dalili.

"Ba shi kaɗai ya haye ba."

"Ban gane ba."

"Ni na... akwai wani abu da ake jefawa. Yana tare kibiya. Na jefa masa guda huɗu. Bai sani ba."

Ludayin na hannunta, miya na ɗiga a ƙasa, ba ta lura ba.

"Sake faɗa."

"Ban san da maganar makulli ba, wallahi. Kuka na ga yana yi..."

"Ni ban ga kukan ba? Ni da nake kwana da shi nake tashi da shi? Kana zaton ban iya miƙa masa makullin nan tun wata na biyu in huta ba? Na bar shi yana kuka don kada in kwaso shi a jini. Kai ka zo rana ɗaya ka ga hawaye, ka danna waya."

"Anti, ki tsaya..."

"Ya roƙe ka?"

"A'a."

"To wa ya aike ka?"

Ta ajiye ludayin a kan murfi, ta sauke tukunyar, ta ja mayafi daga igiya.

"Tashi. Tada babur ɗin."

A hanya sau ɗaya kawai ta daki kafaɗarsa ta ce ya ƙara wuta.

Shagon a buɗe yake, ƙofa biyu duka. An share shi, an tara garin katako a kusurwa, rediyo na magana a kan taga. Yaya na tsaye gaban benci cikin shuɗin kayan aikinsa da suka yi masa yawa yanzu, fensir a bayan kunne, yana goge ƙafar kujera da sanfefa. Injin yankan na tsakiyar shago, an cire masa buhun da aka rufe shi da shi, an sa masa mai, haƙoran zarton suna ƙyalli. A kashe yake.

Auta ya sauke numfashin da ya riƙe tun daga gida.

Yaya ya ɗago ya gan su, ya washe baki.

"Ku biyu a babur ɗaya? Auta, tun ina raye za ka gaje ta? Kun zo ku ga ko na mutu ne?"

Ya ɗaga hannun dama, ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe.

"Ku kwantar da hankalinku. Yau sanfefa kawai. Gobe guduma. Wancan mai haƙoran sai sati mai zuwa, gaishe shi kawai na yi. Ni ba yaro ba ne."

Matar ta miƙa hannu.

"Ba ni makullin."

"Wane irin ba ni? Alkawarin fa?"

Ta juya ta kalli Auta.

"Faɗa masa."

Da Auta ya san sanfefa kawai ake yi, da wataƙila ya roƙe ta su juya tun daga bakin titi. Amma an riga an shigo. Ya tsaya yana kallon takalminsa, ya faɗa. Bai yi ado ba, bai rage ba. Garkuwa huɗu, jiya, daga wayarsa, yana zaune a gareji.

Yaya ya kai hannu ya kashe rediyon.

Sai ya ajiye sanfefar a hankali, ya daidaita ta da bakin benci.

"A ina da ina?"

"Yaya, ka yi haƙuri..."

"Gadar nan na san ta fiye da hanyar gidana. A ina? Wajen fitila ta biyu?"

"Eh."

"Inda katakon ya karye, ake tsalle?"

"Eh."

"Inda uku ke zuwa tare?"

Auta ya gyaɗa kai.

Yaya ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Nan ne na yi kabbara. Na ce yau yatsan nan ya tuna ni. Na huɗun fa? Bakin ƙofa?"

"Wannan... ban sani ba, Yaya. Tare muka danna. Duka ma tare muke dannawa. Wataƙila da ka tare su da kanka."

"Wataƙila."

"Wallahi jiya hannunka ya fi kullum sauri. Na gani."

"Ka gani. To ka tabbata?"

"A'a."

"Kai ba ka sani ba. Ni ban sani ba. To wa zai sani?"

Matar ta matso, muryarta ta sauka.

"Baban yara, abin ai mai sauƙi ne. Mu koma gida, ka sake hawa. Ka haye yau, yau zan mayar maka."

Yaya ya zaro wayar daga aljihun gaba da hannun hagu, ya buɗe, ya juya mata fuskar. Ɗan mutumin nasa na tsaye a ɗaya gefen ruwa riƙe da tuta, gadar a bayansa an ja mata sarƙa.

"Ba a hawanta sau biyu. Wanda ya haye ya haye. Sai dai in goge komai in koma mataki na ɗaya. Tambayi ƙaramin mijinki, ya sani."

Auta ya sani. Bai tuna ba ne jiya.

"Zan ba ka wayata, Yaya. Ko ta wani a guruf da bai kai ba..."

"Kai ma ka haye taka tun bara. Kuma in hau ta wani, ku goma sha shida kuna kallo, in yarda da wa?"

Ya ajiye wayar a kan benci, kusa da sanfefa.

"Auta, zauna ka ji. Wata takwas. Wanka ana yi min. Maɓallin riga ana sa min. Nama ana yayyanka min kamar na jariri. In na ɗauki kofi, kafin ya kai baki hannu uku sun tallafe shi. Ban ce kun yi laifi ba. Amma abu ɗaya na ware a duniyar nan, ɗan ƙarami, na banza, wanda yara ke yi a bayan aji. Na ce wannan nawa ne. In na faɗi ni na faɗi, in na haye ni na haye. Har roƙonku na yi da karkataccen baki."

"Kukanka na gani, Yaya."

"Kukan nawa ne! Shi ma sai ka karɓe min?"

Tsawar ta sa har wani mai wucewa ya leƙo ya wuce. Yaya ya dafa benci yana haki. Matar ta kai hannu za ta riƙe shi, ya kauce.

"Jiya na yi barci irin wanda ban yi ba tun da na kwanta. Da safe na tsaya gaban madubi na ce wa kaina sannu da zuwa. Ashe ɗaukata aka yi aka tsallakar, ina ta ɗaga tuta."

Sai ya juya ya kalli injin.

Matar ta riga kowa ganewa.

"A'a. Baban yara, a'a. Kai da bakinka ka ce sai sati mai zuwa."

"Wancan mutumin da ya haye gada ne ya faɗa. Shi yana da lokaci. Ni ban san ko ina da hannu ba."

Ya je jikin bango ya zaro katako ɗaya dogo, ya fi shi tsawo. Ya kwantar da shi a benci, ya ciro fensir daga kunne, ya ɗora ma'auni, ya ja layi daga kai har ƙarshe. Da hannun dama ya ja.

"An cinye min waccan gadar. Ga wata. Wannan ba a jefa mata garkuwa."

"Yaya, don girman Allah."

"Matsa."

"Ka mare ni, ka kore ni, amma kada ka kunna."

"Na ce matsa. Ku tsaya can. Kome kuka gani, kada wanda ya taɓa min komai. Kun ji ko ba ku ji ba?"

Ya danna maɓalli. Injin ya yi tari sau biyu, ya kama, ƙararsa ta cika shagon. Matar ta toshe baki da mayafi. Auta ya ja baya, ya zagaya ya tsaya ta bayan injin, inda katakon zai fito.

Yaya ya ɗora katakon. Hagu na danne shi, dama na turawa. Zarton ya kama itace, gari ya tashi fari. Taƙi ɗaya. Taƙi biyu. Kamu ɗaya. Idon Yaya na kan layi, ko ƙiftawa ba ya yi. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Katakon ya wuce rabi. Kan da ya fito ya fara rinjaya ƙasa saboda tsawo, yana ɗan rawa a iska. Auta ya kalli wannan kan, ya kalli hannun Yaya, ya ga kamar babban yatsan na karkarwa.

Kowane kafinta ya san wanda ke tsaye bayan inji tallafewa kawai yake yi, ba ya ja. Auta bakanike ne. Shekara ashirin da biyar in ya ga ƙarfe zai faɗi cafke shi yake yi ya jawo. Bai yi shawara da kansa ba. Hannunsa ne ya tafi.

Ya cafke, ya ja.

Katakon ya zarce gaba da gudu, hannun da ke tura shi ya bi shi.

Ƙarar injin ta canza, sau ɗaya. Yaya bai yi ihu ba. Matar ce ta yi.

Abin da ya biyo baya Auta ba ya iya jera shi. Ya san ya fizge wayar wutar daga bango. Ya san ya cire rigarsa ya naɗe hannun, rigar ta jiƙe kafin su kai titi. Ya san wani mai mota ya tsaya. A cikin motar Yaya ya jingina kai da gilashi, idonsa a buɗe, bai kalle shi ba ko sau ɗaya.

A asibiti aka shige da shi, aka rufe ƙofa. Auta ya zauna a benci da singileti, baƙin mai da jini sun haɗu a farcensa. Waya na ta ruri a aljihunsa, Tela ne. Bai ɗauka ba.

Bayan kamar awa ɗaya matar ta fito. Ba ta zauna ba. Ta miƙo masa igiyar da makulli a jiki.

"An bar shago a buɗe. Je ka rufe."

"Me suka ce?"

"Suna dubawa. Je ka rufe."

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Komai na nan yadda suka bar shi. Wayar Yaya na kan benci kusa da sanfefa, fensirin a ƙasa. Ya ɗebi garin katako ya zuba a kan jinin don kada ya gani. Sai ya duƙa zai ɗauke katakon daga bakin ƙofa.

Ya tsaya da shi a hannu.

Layin fensir na nan. Yankan ya bi shi tun daga kai, santal kamar an ja zare, bai kauce ko da faɗin farce ba. Kamu ɗaya, kamu biyu, har ya wuce rabi. Auta ya bi shi da yatsa a hankali. Sai daidai wuri ɗaya yankan ya karkace ya fita gefe. Ya juya ɗaya kan katakon. Ga shatin yatsunsa biyar na baƙin mai.

Ashe hannun Yaya ya riga ya warke. Da an bar shi, da ya kai ƙarshe.

Yana nan tsugune wayarsa ta sake ruri. Wannan karon matar Yaya ce.

"Anti?"

"Sun fito da shi."

"Yaya hannun?"

Ya ji tana jan numfashi.

"Biyu. Babban yatsa da manuniya. Ba su ɗinku ba, an cire."

"Ga ni nan zuwa."

"Kada ka zo. Ya farka, shi ya ce in kira ka. Ya ce ka riƙe makullin, ba ya buƙatarsa kuma."